Me ake nufi da "white elephant" a Turanci, kuma yaya za a faɗe shi da Hausa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina aikin fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, ban daɗe da farawa ba. Kusan kullum sai na ci karo da "white elephant" ko "white elephant project" a jaridu, musamman idan ana maganar ayyukan gwamnati. Wani abokin aikina ya ce ma'anarsa aikin da aka fara aka watsar, wani kuma ya ce aikin da kuɗinsa ya zarce ƙima. Wanne ne daidai? Me ya kawo giwa cikin maganar, kuma yaya zan sa shi a Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa aikin albarka. Abokan aikin naka kowanne ya taɓo gefen maganar, amma babu wanda ya kama cibiyarta. Idan mai jin Turanci ya kira wani abu "white elephant", yana nufin abin da aka zuba dukiya mai yawa kafin a same shi, bayan an same shi ma bai daina cin kuɗi ba, amfanin da ake samu a jikinsa bai kai abin da yake lashewa ba, kuma mai shi ya rasa yadda zai yi ya rabu da shi. Tsadar farko tana ciki, amma nauyin maganar ya fi karkata ga cin da abin yake yi kullum da kuma rashin hanyar sauke shi. Ka riƙe waɗannan biyun da kyau, domin su ne suka bambanta wannan furuci da sauran kalmomin da ake kushe aikin banza da su.

Mu fara da abokinka na biyu, wanda ya ce aikin da kuɗinsa ya zarce ƙima. Shahararren ɗakin wasannin nan da ke bakin ruwa a birnin Sydney na Ostireliya, an ƙiyasta zai ci dalar ƙasar miliyan 7, ya ƙare da cin miliyan 102, kuma sai a 1973 aka buɗe shi, shekara 10 bayan lokacin da aka ɗiba. Kuɗi kam ya zarce ƙima nesa ba kusa ba. Duk da haka yau babu mai kiransa "white elephant", saboda miliyoyin mutane suna zuwa ganinsa duk shekara, wasanni ba sa yankewa a cikinsa, har ya zama tambarin ƙasar. Ya ci da yawa, amma yana biya.

Shi kuma na farkon, wanda ya ce aikin da aka watsar, akwai sunan da Turanci ya tanada domin wannan, wato "abandoned project". Ginin da aka kai linta, ɗan kwangila ya tattara kayansa ya tafi, ciyawa ta rufe shi, asara ce babu shakka, sai dai asarar ta tsaya inda ta tsaya. Kango ba ya neman abinci. Idan kuwa ana ci gaba da biyan masu gadinsa, ana biyan albashin ma'aikatan da aka ɗauka dominsa, ana biyan kuɗin ruwan bashin da aka ci aka gina shi, to a nan ya shiga sahun abin da muke magana a kai. Jaridun Najeriya sukan cakuɗa biyun, shi ya sa abokinka ya ɗauka abu ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ya kawo giwa. Tushen maganar yana kudu maso gabashin Asiya, a ƙasar Siyam, wadda yau ake kira Tailan, da maƙwabciyarta Bama, ƙasar nan da sojojinmu suka je yaƙi a lokacin yaƙin duniya na biyu, wadda yanzu sunanta Myanmar. A dazukan can akan samu giwa jefi-jefi wadda launinta ya saɓa wa na 'yan'uwanta. Ba fara ba ce fat yadda sunan yake sa mutane zato. Fatarta haske gare ta, ja-ja haka, idan aka yi mata wanka sai hasken ya ƙara fitowa. A fadar Siyam akwai masana na musamman da suke duba idanunta da ganɗarta da faratanta da gashin jikinta da na wutsiyarta kafin su tabbatar cewa ta cancanci sunan. Da zarar sun tabbatar, ta zama ta sarki.

Darajarta daga addini ta samo asali. Mabiya addinin Buddha suna da labarin cewa mahaifiyar Buddha, wato mutumin da ya kafa addinin, mai suna Sarauniya Maya, ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Saboda haka bayyanar irin wannan giwa a zamanin wani sarki alama ce a wurinsu cewa mulkinsa mai albarka ne, ƙasa za ta zauna lafiya, damina za ta yi kyau. Sarkin da ya tara su da yawa, sauran sarakuna suna ganin girmansa, wani lokaci kuma suna ƙyashinsa. A 1563 sarkin Bama, Bayinnaung, ya aika wa Maha Chakkraphat, sarkin Ayutthaya, wato daular Siyam ta wancan zamani, cewa ya ba shi biyu daga cikin fararen giwayensa. Aka hana shi, ya ɗauko runduna. A 1564 Ayutthaya ta miƙa wuya, ya tafi da huɗu maimakon biyun da ya nema. Tabbas akwai neman faɗaɗa mulki a ƙarƙashin wannan rikici, amma har yau da sunan yaƙin fararen giwaye aka san shi. Daga 1855 zuwa 1916 tutar Siyam ja ce da farar giwa a tsakiya, sai a 1917 aka koma tutar da ake amfani da ita yanzu. Ɗaya daga cikin manyan lambobin girmamawa na ƙasar, wadda Sarki Mongkut ya kafa a 1861, sunan farar giwa take ɗauke da shi, kuma har gobe ana bayar da ita.

To dabbar da take da wannan matsayi ba a sa ta aiki. Sauran giwaye suna jan gungumen katako a daji, suna ɗaukar kaya, suna zuwa yaƙi, suna biyan abincinsu da ƙarfinsu. Ita kuwa gidanta daban, masu yi mata hidima daban, abincinta zaɓaɓɓe. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ciyawa da ganye da 'ya'yan itace a rana guda, kuma tana kai shekara 60 ko fiye a duniya. Ba a sayar da ita, ba a kashe ta, ba a kora ta daji. Daga nan ne labarin da ya haifi furucin ya fito: wai idan sarkin Siyam ya yi fushi da wani bafade, maimakon ya hukunta shi a fili sai ya yi masa kyautar farar giwa. Bafade ba shi da bakin ƙin kyautar sarki, ba shi da ikon sa ta aiki, ba shi da ikon rabuwa da ita, sai ya yi ta ciyar da ita har ya tsiyace.

Wannan labari kusan duk ƙamus na Turanci yana kawo shi, amma ka ɗauke shi a matsayin labarin baka da ya yi yawo tsakanin Turawa, domin tarihin Siyam bai tabbatar da shi ba. Hankali ma bai cika ɗaukarsa ba. Abin da sarakuna suka zubar da jini a kansa, da wuya a ce sarki ya miƙa shi ga wanda yake fushi da shi. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, baƙo ɗan kasuwa daga Turai ya tsaya yana kallon dabbar da ake ta kashe wa dukiya alhali ba ta ɗaukar ko tsinke, ya buga lissafinsa na riba da faɗuwa, ya ga ɓarna. Mutumin ƙasar kuwa albarka yake gani. Furucin Turanci ya ɗauki idon baƙon ne, bai ɗauki na ɗan gida ba. Ina so ka san wannan, domin idan wata rana aiki ya haɗa ka da mutumin Tailan ko Myanmar, ka tuna cewa a wurinsa farar giwa abin girmamawa ce. A Myanmar har yanzu ana ajiye su a wurare na musamman a Naypyidaw da Yangon, jama'a suna zuwa ganinsu.

A ƙarni na 19 ne maganar ta zauna daram a bakin masu jin Turanci. Akwai wata wasiƙa ta 1851 da marubuciyar Ingila Geraldine Jewsbury ta rubuta, inda ta kwatanta alherin da wani mutum yake yi wa mutane da fararen giwaye, wato alherin da ba ya amfanar kowa amma yana ɗora wa mutum nauyin godiya. Ka ga tun a lokacin ma'anar ta riga ta nuna. Sai kuma abin da ya faru a 1884. Wani Ba'amurke mai harkar wasannin nishaɗi da dabbobi, P. T. Barnum, ya samo wata giwa daga Bama mai suna Toung Taloung, ya cika duniya da talla cewa ga farar giwa mai tsarki. Aka fara nuna ta a gidan namun daji na Landan. Jama'a suka yi tururuwa, suka tarar da giwa mai launin toka da 'yan dabbare-dabbare masu haske a fuska da kunnuwa, da yawa suka koma suna cewa an yaudare su. Abokin hamayyarsa a sana'a, Adam Forepaugh, sai ya samo giwa ta yau da kullum ya shafa mata farin fenti, ya ce tasa ce ta ainihi. Jaridun Ingila da Amurka suka yi ta cece-kuce a kai, sunan ya ƙara shiga kunnen kowa.

A yau wurin da za ka fi gamuwa da furucin shi ne inda kake gamuwa da shi ɗin, wato labaran manyan ayyuka: filayen jirgin sama, filayen wasa, masana'antu, manyan gine-ginen gwamnati. Misalin da aka fi kawowa shi ne filin jirgin sama na Mirabel a Kanada. Gwamnati ta karɓe filaye kusan hekta 39,000, ta tashi dubban manoma, aka buɗe shi a 1975 da niyyar ya zama babbar ƙofar birnin Montreal. Sai dai yana da nisa da gari, layin dogon da aka yi alkawarin zai haɗa su ba a gina shi ba, jiragen cikin gida kuma suka ci gaba da sauka a tsohon filin Dorval, don haka fasinjan da zai canza jirgi sai ya shiga mota daga wannan fili zuwa wancan. Ana cikin haka sababbin jirage masu dogon zango suka daina buƙatar tsayawa a Montreal domin shan mai, harka ta koma Toronto. A 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga Mirabel. Ginin fasinjojin ya zauna babu kowa shekara 10 ana kashe kuɗin kula da shi, kafin a fara rushe shi a 2014. Ka lura, an gama aikin, an buɗe, ya yi aiki. Ba a watsar da shi a hanya ba. Buƙatarsa ce ba ta kai girmansa ba.

Haka aka yi ta faɗa a kan wasu filayen ƙwallo da Brazil ta gina domin gasar cin kofin duniya ta 2014. Na birnin Manaus, a tsakiyar dajin Amazon, yana ɗaukar 'yan kallo sama da 40,000, wasa 4 aka buga a cikinsa a gasar, alhali ƙungiyoyin garin ba su saba tara ko kusa da wannan adadi ba. Na Brasilia kuwa har ya kai ana ajiye motocin bas na birni a harabarsa.

A Najeriya babu abin da aka fi jingina wa wannan suna kamar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a jihar Kogi. An ƙulla kwangilarta da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet a 1979, zuwa 1994 ana cewa aiki ya kai kashi 98 cikin 100, amma babban tanderun narka tama ba a taɓa kunna shi ba. Duk shekara kasafin kuɗin tarayya yana ware mata biliyoyin naira, mafi yawa albashin ma'aikata. Babu gwamnatin da ta iya ƙarasa ta, babu kuma wadda ta yarda ta haƙura da ita, domin abin da aka riga aka zuba ya yi yawa kuma burin da aka ɗora a kanta babba ne. A nan ma'anonin biyu sun haɗu: aiki ne da bai kammala ba, kuma yana ci. Ko ya kamata a farfaɗo da ita ko a sayar, wannan muhawara ce ta masana tattalin arziki. Ta fuskar harshe dai, jaridar da ta kira ta "white elephant" ba ta yi kuskuren kalma ba.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan wannan bambanci ba son gardamar nahawu ba ne. Kowace kalma tambayarta daban take jawowa. Idan ka gaya wa mai sauraro an watsar da aiki, abin da zai tambaya shi ne, ina ɗan kwangila, yaushe za a ƙarasa? Idan ka ce kuɗi ya zarce ƙima, zai tambaya wa ya ci? Shi kuwa wannan furuci tambayarsa ita ce, tun farko ana buƙatar abin nan kuwa, kuma bayan an yanke kyalle an watse, wa zai riƙa biyan wuta da gyara da albashi? Wannan tambaya ce da ba a cika yin ta ba kafin a aza harsashi, kuma talaka ne yake biyan kuɗin rashin yin ta. Mai fassarar da ya mayar da "white elephant" ya zama "aikin da aka watsar" ya ɗauke wa mai sauraronsa wannan tambaya ba tare da ya sani ba.

Ba a kan ayyukan gwamnati kaɗai ake faɗinsa ba. A hirar yau da kullum ma yana fitowa. Ka ɗauka kawun mutum ya rasu ya bar masa ƙatuwar tsohuwar mota ta alfarma, mai shan mai da yawa, kayan gyaranta sai an yi oda daga waje, shi kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba. Hawa ya gagara saboda mai. Ajiyewa kuma batir ya mutu, taya su lalace, ga kuɗin takardu duk shekara. Idan ya ce zai sayar, dangi su ce ya wulaƙanta abin marigayi, masu saye kuma su taya ta da kuɗin ƙarfe. Mai wannan hali zai iya cewa, "That car has become a white elephant," wato motar nan ta zame mini alaƙaƙai. Haka ake faɗa a kan gidan da ya fi ƙarfin mai shi, ko injin da kamfani ya saya da tsada sannan aka rasa mai sarrafa shi.

Wajen gina jimla, suna ne da ake ƙirgawa, don haka dole ya zo da "a" idan ɗaya ne, ya ɗauki "s" idan jam'i ne. Ana cewa "The new airport turned out to be a white elephant," ma'ana daga baya ta bayyana cewa sabon filin jirgin cin kuɗi kawai yake yi babu amfani. Ana cewa "Critics fear the stadium will become a white elephant after the tournament," wato masu suka suna fargabar filin wasan zai zama kaya bayan gasa. Kalmomin aikin da suka fi tafiya da shi su ne "become" da "turn into" da "turn out to be" da "prove to be", kuma ka lura dukkansu suna nuna abin da lokaci ya tona, domin babu mai gina abu da niyyar ya zama haka. Cewa "it is white elephant" babu "a" kuskure ne da ɗalibai suke yawan yi. Shi kuwa "white elephant project" daidai ne, sai dai jaridun Najeriya sun fi na Ingila da Amurka son sa, su can sukan tsaya a kan kalmomin biyu kawai. Wajen furtawa, a kan gaɓar farko ta "elephant" ake danna murya, "ph" kuma sautin "f" ne.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukarsa a matsayin yabo. Akwai masu jin giwa su tuna girma, su ji fari su tuna abu mai wuyar samu, sai su zaci ana nufin gagarumin aiki na a zo a gani. Har akwai masu yanke "white" su ce "elephant project" da nufin babban aiki. Wanda ya tashi a taro ya gode wa gwamna saboda ya kawo wa jama'a "white elephant project", ya zage shi ne a bainar jama'a alhali yana zaton yabonsa yake yi. Sannan ba a faɗinsa a kan abu mai araha, komai rashin amfaninsa, kuma ba a saba faɗinsa a kan mutum ba. Idan ɗalibanka ko ƙannenka masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB suka gamu da shi cikin tambayoyin zaɓi, su nemi amsar da ta haɗa tsada da rashin amfani, su guji wadda ta ce abu mai daraja ko abu mai wuyar samu.

Kada kuma ka rikita shi da wani furucin mai giwa, "the elephant in the room". Wannan babbar matsala ce da kowa a wurin ya san da ita amma kowa ya ƙi ambatarta. Babu ruwansa da kuɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci kuwa ba baƙonsu ba ne, domin "éléphant blanc" yana nan a jaridunsu da ma'ana ɗaya da ta Turanci.

Sai batun sa shi a Hausa, wanda shi ne ainihin aikinka. Abu na farko, kada ka ce "farar giwa" a labari ka wuce. Bahaushen da bai san Turanci ba ba zai ji suka a ciki ba, zai ma ji akasinta. A wurinmu giwa kirari ce, sarki ko jarumi ake ce wa toron giwa. Fari kuma alheri ne: farin jini, farin ciki, farar aniya. Idan ka haɗa biyun ka ce gwamnati ta gina farar giwa, ka yi mata yabo ninki biyu.

Muna da maganganu da suka yi kusa, kowacce da inda ta dace. Da yawa daga cikin masu fassara suna ɗaukar "aikin baban giwa", wataƙila saboda giwar da ke ciki tana jan hankali. Ba laifi a wasu wurare, amma ka san iyakarsa: aikin baban giwa wahala ce da aka sha ta tafi a banza, ba lallai ne ya nuna abin yana nan yana ci gaba da cin kuɗi ba. "Alaƙaƙai" da "ƙarfen ƙafa" sun kama gefen rashin rabuwa sosai, sai dai ba su ambaci tsada ba, don haka sukan so a ƙara musu bayani. Wadda ta fi kama halin da mai abin yake ciki, a ganina, ita ce "ƙadangaren bakin tulu", a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Wannan shi ne halin gwamnatin da ta gaji masana'anta wadda rufe ta asara ce, barin ta ma asara ce. Tana da kyau a sharhi ko tattaunawa. A kanun labarai kuwa, inda ake son a fahimta nan take, bayani kai tsaye ya fi aminci. Idan jarida ta rubuta "Opposition calls new airport a white elephant," kana iya cewa, "'Yan adawa sun ce sabon filin jirgin zai yi ta cin kuɗin jama'a babu amfani." Idan ta ce "The factory has become a white elephant for the state," ka ce, "Masana'antar ta zame wa jihar alaƙaƙai, kullum tana cin kuɗi ba ta kawo komai." Jimlar takan ɗan yi tsawo, amma mai sauraro ya samu ma'anar cikakkiya.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka ka kiyaye a matsayinka na ɗan jarida. Wannan furuci hukunci ne, kuma galibi daga bakin mai suka yake fitowa. Idan wani ne ya faɗa, ka jingina masa maganarsa, kada ka mayar da ita ta gidan jaridarku. Dalili kuwa, hukuncin yana iya sauyawa. Ƙaton zauren nan mai rufin tanti da aka gina a Landan domin bikin shiga shekara ta 2000, an yi hasashen mutum miliyan 12 za su ziyarce shi a shekarar, kimanin miliyan 6 da rabi suka zo. Aka rufe shi, ya zauna shekaru kusan babu aikin komai ana kashe kuɗin kula da shi, jaridun Ingila suka yi ta kiransa da wannan suna. A 2007 aka sake buɗe shi da sunan O2, ya zama ɗaya daga cikin wuraren kiɗa da wasanni mafiya samun jama'a a duniya. Ginin bai canza wuri ba, an dai samo masa aikin da ya dace da girmansa.

Akwai kuma wata ma'ana mai sauƙi da za ka iya gamuwa da ita a rubuce-rubucen da ba na siyasa ba. A Ingila, idan makaranta ko coci ta shirya 'yar kasuwar tara gudummawa, akan ware tebur guda da ake kira "white elephant stall", inda mutane suke kawo tarkacen gida da ba sa buƙata a sayar da araha. A Amurka kuma lokacin Kirsimeti abokan aiki ko dangi suna yin wasan musayar kyauta da suke kira "white elephant gift exchange". Kowa ya kawo kyauta a naɗe, a riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya, wanda layi ya zo kansa yana da damar buɗe sabuwa ko ya karɓe wadda wani ya riga ya buɗe. A waɗannan wurare batun tsada ya faɗi, abin da ya rage shi ne kayan da mai su ba ya so. Idan irin wannan ya fito a labarin da kake fassarawa, "teburin kayan gwanjo" ko "wasan musayar kyaututtuka" ya wadatar. Idan kuma wani naka da ke zaune a can aka gayyace shi, ka gaya masa ƙaramin abu mai ban dariya ake kaiwa, kuma yawanci masu shirya wasan sukan faɗi iyakar kuɗin da za a kashe tun a takardar gayyata.